Abarbar Kwatano: daga ina take, kuma za ta yi a lambun Bunkure?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni manomin rani ne a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bunkure, tumatir da albasa nake yi. Da azumin da ya wuce na sayi abarba a 'Yan Lemo, wata siririya, koriya shar, mai sayarwa ya ce 'yar Kwatano ce. Na ɗauka ɗanya ce, da na yanka sai na ji ban taɓa shan mai zaƙinta ba. Na dasa tukkunta a bayan ɗaki, ga shi ya kama. Ina son sanin asalinta, da abin da ya sa ta fi sauran zaƙi, kuma in na ware mata rabin lambuna za ta biya ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa wa noma albarka. Bari in fara da tambayar ƙarshe tun da ita ce mai taɓa aljihu. Kada ka ba ta rabin lambu. Ba ta kunya uku ko huɗu a gefe, inda inuwa ke sauka da azahar, ka bar tumatirinka da albasarka a inda suke. In ka ji daga inda ta fito, kai da kanka za ka ga dalili.

Kwatano da muke laƙaba mata sunan tasha ne kawai. Birnin Kwatano rairayin bakin teku ne da tashar jiragen ruwa da kasuwar Dantokpa, ba wurin noma ba ne. Gonakin suna arewa da birnin, tafiyar kimanin kilomita 50, a kan wani tudu mai jar ƙasa da ake kira tudun Alada, a jihar Atilantik ta Jamhuriyar Benin. Alada, Ze, Tofo, Tori-Bosito da Abome-Kalabi, waɗannan garuruwa su ne ke fitar da kusan duk abarbar ƙasar. Yadda mutumin Legas zai ce tumatirin Kano alhali na Kadawa ne ko Kura ko Garun Malam, haka mu ma muke cewa 'yar Kwatano. Alada ɗin ma tsohuwar masarauta ce, ta yi tashe a bakin tekun nan kafin Sarki Agaja na Dahomey ya ci ta da yaƙi a 1724.

Masu ita suna kiranta Pain de Sucre da Faransanci, wato curin sukari. A da can, kafin sukari ya koma gari da ƙwara a kwali, zuba shi ake yi a mazubi ya daskare, ya fito da faɗin gindi da tsinin kai. Ka tuna mazarƙwaila, sai ka ƙara mata tsawo da tsini. Siffar abarbar ke nan: gindi ya fi kai faɗi, cikinta fari, ƙashin tsakiyarta mai laushi har ana cinye shi, ganyenta kuma da ƙaya tun daga gindi har baki. Tana da wani sunan a can, abakashi, kuma wannan shi ne sunan abarba a bakin mutanen Birazil. Sunan ya tona asiri, domin masana tsirrai sun sa ta a dangi ɗaya da irin da ake kira Perola, wanda shi ne mutanen Birazil suka fi nomawa su sha a gida har yau.

Duk abarbar duniya daga Kudancin Amurka take, yankin kogunan Parana da Faragwai, kuma mutanen can sun daɗe suna noma ta kafin wani Bature ya san da ita. Kwalambas da mutanensa sun gan ta a tsibirin Gwadaluf a watan Nuwamba na 1493. 'Yan Fotugal ne suka yaɗa ta a ƙarni na 16 zuwa gaɓar Afirka da Indiya, kuma abin bai yi musu wuya ba, tun da tukkun abarba yana iya yin makonni a yashe bai mutu ba. Kai shaida ne, naka ya sha hanyar da ta haura kilomita 1,000 a bayan mota, ya kwana a kasuwa, ya kuma kama a bayan ɗakinka. Tashar Wida, wadda ba ta da nisa da Alada, ta yi ɗaruruwan shekaru jirage na kai da kawowa tsakaninta da Bahiya ta Birazil. Su tafi da bayi, cikinsu har da Hausawa masu yawa, su dawo da taba. A ƙarni na 19 kuma 'yantattun bayi suka riƙa komowa gida, waɗanda ake kira Aguda. Hanyar ruwan Fotugal ce dai ta kawo wa gaɓar nan rogo da yazawa da abarba.

Kalmar abarba ita ma baƙuwa ce. Tonawa na Gana suna ce mata aborobe, kuma in ka faɗi kalmomin biyu a jere za ka ji ɗaya ce. A ganina ta biyo fataken Gwanja ne, waɗanda suka riƙa zuwa Salaga sayen goro. Yarabawa kuwa ope oyinbo suke cewa, kwakwar Bature. Kowa dai ya san daga teku ta shigo.

Noman abarba na kasuwa a Benin bai tsufa ba. An fara shi gadan-gadan a 1972, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey, ta hannun wani kamfanin 'ya'yan itace mai suna SODAF, kuma Turai aka nufa da shi. Irin da Turai ke saye a lokacin shi ne Kayen, wadda aka ɗauko daga Giyana ta Faransa wajen 1820. Ita ce ƙatuwar nan mai kama da turmi, mai rawayan ciki da ɗan tsami, wadda ganyenta ba ƙaya sai a baki. Ita ce kuma akasarin wadda ake kawo mana daga Edo da Ondo da Kuros Riba. Mutane ba su cika sani ba, Nijeriya na cikin manyan masu noman abarba a duniya, kusan tan miliyan 1.5 a shekara, Benin kuwa ba ta daɗe da haura tan 400,000 ba. Amma ta Benin ce ta yi suna.

Yadda 'yar curin sukari ta rinjayi Kayen a gonakin Alada abin lura ne ga duk manomi. A 1996 kamfanin Del Monte ya fito da wani iri mai suna MD2 daga gonakinsa na Kosta Rika, mai launin zinare, mai jure doguwar tafiya a jirgin ruwa. Cikin shekara goma ya ƙwace kasuwar Turai, manoman Kayen na Gana da Kodebuwa suka sha kashi. Ƙananan manoman Alada ba su ji jiki kamar su ba, don su kasuwarsu ba a ƙetaren teku take ba. Tana Seme da Legas, tana Nijar, tana 'Yan Lemo a Na'ibawa. Maƙwabci ba ya tambayar launin bawo, ɗanɗanawa yake yi.

Launin nan ya taɓa ja musu. Bature ya saba abarba nunanniya rawaya ce, don haka masu fitarwa suka riƙa fesa wani magani mai suna etefon a jikin 'ya'yan dab da girbi, don bawon ya juya. Aka yi ta samun ragowar maganin ya wuce ƙa'ida a Turai, har gwamnatin Benin da kanta ta dakatar da fitar da abarbar da aka rina a ƙarshen 2016, sai da aka gyara aka ci gaba. Sannan Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, abarba ta yi ta ruɓewa a gonaki, ba a sake buɗewa ba sai Disamba 2020, da Seme da Illela da Mfum da Maigatarinmu ta Jigawa. A cikin wannan ƙuncin ne, a 2020, hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha da sunayen kaya a wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa sunan abarbar rajista. Abarbar ce amfanin gona na farko a Benin da ya sami irin wannan kariya, kuma ma'anarta ita ce ba wanda zai sayar da abarba da sunan Pain de Sucre ta tudun Alada sai wadda aka noma a wannan ƙasar bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa. A ƙarshen 2023 kuma suka fara kai ta Sin. 

To, zaƙin fa? In aka auna sukarin da ke cikin 'yar Kwatano da na Kayen nunanniya, tazarar ba ta da yawa. Tsami ne ya bambanta su. Ta Kwatano tsaminta kaɗan ne ƙwarai, sai zaƙin ya fito fili. Ka dama kunu kofi biyu, ka sa sukari daidai wa daida, ka ƙara wa ɗaya ruwan tsamiya, ka ji wanne ya fi zaƙi a baki. Na biyu, abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta. Ayaba da mangwaro suna da sitaci a ciki wanda ke juyewa sukari in an ajiye su, abarba ba ta da shi. Sukarinta daga jikin uwar yake hawowa a makonnin ƙarshe, ranar da wuƙa ta raba su an rufe lissafi. In ka ajiye ta za ta yi laushi, bawo ya sauya, daga nan ta fara tsami irin na lalacewa. Kayen da za ta yi doguwar tafiya sau da yawa ana yanke ta da sauran kwana. Ita kuwa wannan, a ƙasa mai ɗumi dare da rana, tana nuna sarai bawonta na kore. Shi ya sa ka ɗauka ɗanya ce. In za ka saya, bar kallon launi. Duba idanun, in sun baje sun yi faɗi ta ƙosa. Sunsuna gindin, ka kuma ɗaga ka ji ta yi nauyi fiye da girmanta.

Yanzu mu dawo gona. Yawancin masu yi mini wannan tambaya rashin ruwa suke tsoro, alhali abarba ta fi tumatir jure ƙishi nesa ba kusa ba. Ƙofofin numfashin ganyenta a rufe suke da rana, sai dare take buɗe su, don haka ba ta asarar ruwa kamar sauran shuke-shuke. Ganyen kuma an jera su kamar mazurari, ko raɓa ce ta sauka sai ta gangara ƙoƙon tsakiya. Milimita 1,000 zuwa 1,500 a shekara ya ishe ta, kuma ku da ruwan Tiga ke bi ta ƙofarku wannan ba matsala ba ce. Matsalar tana sama, a iska.

A Alada damina biyu ake yi a shekara, babba da ƙarama, ruwan da ke sauka ya ɗan haura milimita 1,000 amma a rarrabe. Iska mai laima ce kusan kullum saboda teku, zafi kuma yana kai da kawowa tsakanin digiri 24 da 32, ba ya nisa da nan. Abin da abarba ke so ke nan: rana wajen 30, dare wajen 20 zuwa sama. Mu kuwa ruwanmu milimita 700 zuwa 900 ne a cikin wata huɗu, sai a ɗauke. Da hunturu dare kan sauka zuwa digiri 12 ko 13, laimar iska da rana ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, abarba ta tsaya cik ba ta girma, bakin ganye ya bushe. Kafin ta farfaɗo bazara ta shigo da digiri 40, kuma ɗan abarba in rana irin wannan ta doke shi a gefe ɗaya, dahuwa yake yi a tsaye, wurin ya yi fari, ya yi laushi, ya ruɓe. Tsiron da zai shekara ɗaya da rabi a gona dole ya ratsa hunturu guda da bazara guda, ba makawa. Iri kana iya ɗauko shi a buhu, iskar Alada ce ba ta shiga buhu. Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun fi ku ruwan sama da laima, za ta fi yi musu sauƙi, ko da yake su ma sanyin dare na jiransu.

Sai ƙasa. Ta Alada jangargari ce mai zurfi, ba ta riƙe ruwa, kuma mai ɗan tsami. Abarba na son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, daga 4.5 zuwa 6.5. Ƙasa mai kanwa ba ta yi mata ko kaɗan, ganye zai yi rawaya fat don saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, don haka masu fadamun da ke fitar da farin gishiri da rani, irin na wasu wurare a ƙasar Haɗeja, su haƙura. Laka ma haka. Ni kaina na taɓa yin wannan wautar ina matashin malamin gona. Wani direba ya kawo mini 'ya'yan abarba daga kudu, na dasa su a fangali kamar albasa, yaron da ke ban ruwa kuma ya yi musu abin da ya saba, ya cika fangalin taf duk bayan kwana uku. Wata bai cika biyu ba na ja ganyen tsakiyar wata, sai ya zaro a hannuna kamar an dafa, ga wari. Kafin in ankara fiye da rabi sun tafi. Laifin ba na yaron ba ne, ni ne ban gaya masa wannan shukar ta fi tsoron ruwa a kan ƙishi ba. Cutar ruɓewar ƙoƙo ke nan, kuma kwanciyar ruwa da laka mai faɗawa cikin ƙoƙon su ne ke kawo ta.

Saboda haka ga yadda zan yi in ni ne kai. Ka zaɓi wuri mai jigawa-jigawa, gabas da layin gwanda ko mangwaro ko gwaiba, yadda za ta sami hantsi, inuwa kuma ta rufe ta daga azahar. In akwai danga ko zana ta ɓangaren arewa maso gabas da za ta tare iskar hunturu, ya fi. Kada ka matsa kusa da darbejiya, saiwarta za ta shanye komai. Ka ja kunya mai tudu da faɗi, ka dasa layi biyu a kanta, santimita 40 tsakanin layukan, 30 tsakanin tsiro da tsiro, ka bar hanya ta santimita 80 kafin kunya ta gaba. Da wannan tazarar hekta ɗaya na cin kusan tsiro 55,000, ka ga ko irin rabin lambu kaɗai sai ka yi hayar mota. Ruwa ya bi ta kwari ya jiƙa gindin kunya, kada ya hau kai. Sau ɗaya a mako ya isa da hunturu, da bazara ka ƙara. Ka rufe kunyar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don ƙasa ta yi sanyi, amma ka riƙa ɗagawa kana duba gara.

Abin dasawa iri uku ne. Akwai tukku, irin naka, shi ne mafi jinkiri, yakan kai shekara biyu kafin a sha. Akwai 'ya'yan da ke fitowa a wuya, ƙarƙashin ɗan abarbar, kuma 'yar Kwatano tana da su da yawa, wannan na cikin abin da ya sa talaka ke son ta, ba ya sayen iri. Sai waɗanda ke fitowa a gindi, su ne mafi sauri. Ko wanne ka samu, ka ɓare ƙananan ganyen ƙasa har ka ga 'yan tsirin saiwa, ka kifa shi a inuwa gindin na sama kwana uku zuwa mako, ciwon ya bushe, sannan ka dasa. Ka ware manya daban, ƙanana daban, don babba na danne ƙarami.

Batun taki akwai tarko. Takin bola da muka saba kwasowa daga gari rabinsa toka ce, toka kuwa tana kashe tsamin ƙasa, wato tana yi wa abarba abin da kanwa ke yi mata. Ka nemi ruɓaɓɓen takin shanu ko na kaji wanda ya kwana biyu. A takin zamani kuma, abarba ta fi cin fotash a kan komai, kusan ninki biyu na abin da take ci na sinadarin da ke cikin yuriya, kuma fotash ɗin ne ke gyara ɗanɗano. Kamfa kaɗai ba ya isar ta. In ka cika mata yuriya za ka sami ganye kore shar da 'ya'ya masu lami. Ka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan a gindin tsofaffin ganyen ƙasa, kada ƙwaya ɗaya ta faɗa ƙoƙon tsakiya, ƙonewa zai yi. In za ka tayar da fure, ka dakatar da yuriya wata guda kafin nan.

Tayar da fure shi ne sirrin sana'ar, kuma a wurinmu shi ne zai raba riba da asara. Abarba in an bar ta, kowace da ranar da za ta ga dama ta yi fure. A 1874 manoman tsibiran Azoras na ƙasar Fotugal suka lura hayaƙin itace na sa gona duka ta yi fure lokaci guda, daga baya aka gano iskar etilin da ke cikin hayaƙin ce ke aikin. Manoman Alada yau kabayid suke amfani da shi, dutsen nan mai launin toka na masu walda, wanda in ya taɓa ruwa yake fitar da iska mai aiki irin na etilin. Suna jiƙa shi a duro su zuba ruwan a ƙoƙon kowane tsiro. Ga mai kunya huɗu, ya isa ka jefa 'yar ƙwayar da ba ta wuce giram 1 ba a ƙoƙon, bayan ka tabbatar akwai ruwa a ciki. Da dare ko da asuba ake yi, lokacin da ƙofofin ganye ke buɗe, a maimaita bayan kwana biyu ko uku. Iskar tana kama wuta, ban da sigari, ban da fitilar ƙwai. Bayan kamar mako shida za ka ga tsakiyar ta yi ja, kuma daga ranar da ka sa kabayid zuwa girbi wata biyar ne, ko da 'yan kwanaki a kai. Kada ka haɗa wannan da abin da wasu 'yan kasuwa ke yi na nuna ayaba da mangwaro da kabayid, wanda hukumar NAFDAC ke gargaɗi a kai. Can a jikin abin da za a ci ake sawa, nan kuwa a jikin tsiron da ko fure bai yi ba. A jikin yankakkiyar abarba ma ba abin da zai ƙara.

Tun da wata biyar ɗin a hannunka suke, sai ka ɗora su a kan damina, lokacin da Bunkure ta fi kama da Alada. Ka dasa a watan Yuni da ruwa ya zauna. Ta yi saiwa da damina, ta daure hunturu, ta daure bazara a inuwa ba ta ɗauke da ɗa. Ƙarshen Mayu ko farkon Yuni na shekara mai zuwa, in tsiron ya kai ƙugunka ko kusa, ganye sun haura talatin, ka sa kabayid. Ɗan zai girma cikin laimar Yuli da Agusta da Satumba, ka yanka a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Wata 17 ke nan. Wanda bai kai girma ba kada ka tilasta masa, ƙaramin tsiro ƙaramin ɗa yake bayarwa.

Akwai abin da zai iya ɓata wannan lissafi. Dangin Perola suna da saurin yin fure da kansu in dare ya yi sanyi kuma ya yi tsawo. Tsiron da ya riga ya yi girma kafin Disamba, hunturu na iya tayar masa da fure ba da izininka ba, ɗan ya zo ya faɗa tsakiyar Afrilu. Maganinsa kada ka dasa manyan 'ya'ya, ka zaɓi matsakaita, yadda hunturun farko zai same su ba su isa aure ba. Wadda ta riga ka kuma, ka tattara dogayen ganyenta ka ɗaure a saman ɗan kamar laima, ko ka lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa. Na san ranka zai raya maka ka saita girbi da azumi, tun da lokacin ne kowa ke neman abarba, masu zoɓo ma har bawon suke saye. Amma in azumi ya faɗo cikin sanyi ko dab da ƙarshensa, ɗan da ya girma a sanyi da hazo tsami yake yi. Za ka kai kasuwa da sunan 'yar Kwatano, mai saye ya ɗanɗana ya ce ka yi masa ƙarya.

Daga cikin ƙwari, wanda za ka sa wa ido shi ne wani fari mai kama da ƙurar auduga da ke maƙalewa a gindin ganye. Yana ɗauke da cutar da ke sa ganye ya yi ja ya lanƙwashe, tsiron ya bushe. Tururuwa ce ke kiwonsa, tana ɗaukarsa daga wannan tsiro zuwa wancan don ruwan zaƙin da yake fitarwa, saboda haka in ka ga tururuwa na hawa da sauka, bi sawunta. Yawanci a jikin iri yake zuwa, ka duba sosai kafin ka dasa. In ɗa ya fara ƙamshi kuma, gafiya da ɓera da yaran unguwa duk za su sani kafin kai.

Ka auna da kanka. A wata 17 ɗin nan, ƙasar da ka ba abarba da ta ba ka shinkafa ko masara sau biyu da damina, ta ba ka tumatir ko albasa da rani, har da wani abin a bazara in ruwa ya samu. Kuɗinka na juyawa sau uku ko huɗu. Abarba ɗa ɗaya tak take bayarwa a kowane tsiro, na 'yar Kwatano kuma daga kilo 1 ne zuwa 1.5 a gidansu, a nan ka sa ran ƙasa da haka. Sannan ka je 'Yan Lemo ka yi gogayya da wanda Allah ke yi wa ban ruwa kyauta. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Inda kake da galaba a kansa wuri ɗaya ne: kai za ka iya barin taka ta nuna sarai a jikin uwarta, ka yanka da safe a sha da yamma, ba ta kwana a mota ba. Masu sayen irin wannan ba su da yawa, amma suna nan a cikin birni, kuma kunya huɗu ta ishe ka ka gane ko za su biya wahalarka. In kana son a duba maka ƙasa ko a taimaka maka da iri mai lafiya, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda, ba nisa da ku.

Tukkun bayan ɗaki kuma ka bar shi a inda yake, katanga na tare masa iska. Ka dai tabbatar ruwan wanke-wanke mai sabulu da toka ba ya gangarowa wurin, ka kuma kewaye shi don awaki. In ya ba da ɗa, kada ka tumɓuke uwar bayan ka yanka. Ka ci gaba da ba ta ruwa wata biyu ko uku, 'ya'yan wuyan nan su yi tsawon taƙi ɗaya zuwa biyu, sannan ka ɓalle su. Su ne irinka na gaba, kuma sun riga sun sha hunturun Bunkure sau biyu a jikin uwarsu.